Ranar da Aka Mai da Ni Bagobira

Ranar wata Alhamis ce da hantsi, cikin kaka, shekara ta biyu bayan babbar yunwar nan da ta koro mutanen arewa, aka kwantar da ni a kan tabarmar kaba a bayan gidan Baba Nomau, a unguwar Gobirawa ta Dutsin-Ma. Lokacin ban wuce shekara tara ba. Mata biyu suka zauna mini a ƙafafu, wata ta danne hannuwana da gwiwoyinta, shi kuwa Baba Nomau ya matse kaina tsakanin cinyoyinsa kamar ɗan akuyar da za a yi wa fiɗiya. Wanzami ya buɗe zabira, ya zaro aska, ya goga ta a fata, ya yi bisimilla. Abu ɗaya kawai ya ce da ni: "In kin motsa, aska ta shiga ido." Ya kafa ta a gefen bakina ya ja har kusa da kunne. Na ji ƙarar fatata kafin in ji zafin, wani ɗan sauti kamar ana keta sabon ƙyalle. Jini ya gangara ya cika mini kunne har na daina jin ihun kaina. Ya ja shida a kunci ɗaya, ya juya ni ya ja bakwai a ɗayan, sannan ya damƙo baƙin tukunya da aka kwaɓa da man shanu ya cusa a cikin mikin da babban yatsa. A nan na suma. Uwata tana tsaye a bayan danga tun daga farko har ƙarshe, ba ta shigo ba, ba ta kuma tafi ba. Ita ta kawo wa wanzamin ƙwaryar gero da zakara don ya yi mini wannan aikin.

Jikata ce take rubuta wannan, ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, allo ma ban riƙe ba. Ta dawo daga makarantar horon malamai ta ce wai an tambaye su su wane ne asalin mutanen garin nan, da yadda kowa ya zo. Na ce ta zauna ta bar rawar kai, ta fara da fuskar da take gani kullum.

Ni a rinji aka haife ni, wajen Kurfi, wato ƙauyen bayi da ke tsakiyar gandun wani mai dukiya. Uwata Dangana, sunan da iyayengijinta suka sa mata ke nan, na gaskiyar ba ta taɓa gaya mini ba. Tana yarinya aka kamo ta daga duwatsun kudu, can bayan ƙasar Zazzau. Duk ɗan da aka haifa a rinjin nan, ran suna sai a yi masa tsaga uku gajeru a gefen baki ta hagu, yadda ake yi wa shanu shaida, don ko ya ɓata a san garkensa. Ni ma ina da su, sunana kuma Laraba. Wanda ke kanmu wani ne Barka, sarkin gandu, dogo, mai bulalar dorina a rataye a wuya. Shi ma bawa ne, tsagar nan uku tana bakinsa, amma ya fi masu gidan zafi. Na ga ya ɗaure wani tsoho a turke ya zane shi har ya yi fitsarin jini don ya ɓoye zangarniyar gero a wando. Da Nasara suka ci ƙasa an yi shela cewa duk wanda aka haifa bayan zuwansu ɗa ne, iyaye kuwa suna nan a hannun masu su sai sun fanshi kai. Mun ji shelar, amma Katsina da nisa, bulala kuwa tana kusa. Da yunwa ta shigo, ubana ya kumbura ya mutu a kunyar dawa, masu rinji kuma suka fara sulale 'yan mata ƙanana suna miƙa wa fatake masu raƙuma, ana haurawa da su arewa inda shela ba ta kai ba. Da aka ɗauke wata ƙawata, uwata ta goya ni duk da girmana, muka bi ta cikin karan gonaki, muna cin tafasa da ɗanyar gawasa, har muka hango dutsen garin nan.

Dutsin-Ma ta wancan zamani ƙaramin gari ne a gindin dutse, in kika tsaya a kansa kina iya nuna gidan kowa da yatsa. Amma kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ki, iri-irin mutane ne a ciki, kuma ba a tambayar mutum daga ina yake, fuskarsa ake duba. Akwai maharba da suka riga kowa zama, gidajensu a maƙale da dutse, ƙofofinsu da ƙahonin gada. Akwai Katsinawa manoma masu dogayen zane. Akwai Fulani, su ke da sarauta da shanu, fuskarsu sumul sai ɗan abin da ba a rasa ba, ba su aurar wa kowa. Akwai gidan malamai Barebari masu tsangaya, zanensu ya sauko tun daga goshi, su da Fulani kullum cikin tsokanar juna. Akwai 'yan kasuwar hatsi da na dabbobi, akwai mahauta da majema a ƙarshen gari inda iska ke kwashe warin. Maguzawa suna ƙauyuka, wajen Kuki da gaba, sai ran kasuwa matansu su shigo da kaya a kafaɗa. Yunwa kuma ta ƙaro Gobirawa da Adarawa da Buzaye, suka kafa bukkoki a bayan gari, mutanen gari suna ce musu 'yan cin rani ko da sun shekara. Daga ƙarshe sai mu, waɗanda suka tsinke igiya daga rinjoji, ba mu da unguwa, muna raɓe a bayan dangar duk wanda ya ƙyale mu. Tsofaffi suna cewa, "Fuska ita ce garin mutum." Tun ina ƙarama na koyi karanta ta, don wanda bai iya ba bai san inda zai durƙusa da inda zai gudu ba.

Mu a bayan dangar Baba Nomau muka raɓa. Bagobiri ne mai haƙar rijiya, gajere, kafaɗunsa kamar turmi, ba ya magana sai dole. Matarsa Gwaggo Ige ita ke magana ta biyu. 'Ya'yansu duka sun mutu a hanya lokacin yunwa, ta ƙarshen wata ce Kulu, sa'ata. Uwata tana yi wa mutane surfe da sussuka a ba ta dusa da tsaki, tana kuma yin daddawa ta kai kasuwa. Ni kuwa da sassafe in ɗauki tulu zuwa rijiya, in dawo in kora awakin Gwaggo Ige bayan dutse, in tsinko yakuwa da lalo, in gero ya fara nuna in wuni a kan rumfar gona ina kaɗa fasasshiyar ƙwarya ina korar tsuntsu har muryata ta dushe. Bayan girbi mu bi gonaki kala, mu yi roron wake, mu haƙo gyaɗar da aka manta. Da yamma 'yan mata su taru a dandali, a yi carabke da 'ya'yan goriba, a yi gaɗa. A gaɗa ba ruwan kowa da zanen kowa, ɗiyar malam ta faɗo hannun ɗiyar mahauci a cafe ta. Sai dai in an yi faɗa, nan take a tuna mini: "Mai uku a baki, wa ya saye ki?" Na fasa wa wata baki da dutse a kan wannan maganar, uwata ta kama ni ta yi mini dukan da ya fi wanda na yi, tana cewa wanda ke ɓoye ba ya tara jama'a. Shekara biyu muka yi haka, har na yi kumari, na fara mantawa da rinji.

Sai ran wata kasuwa wani mai sayar da igiya daga Kurfi ya tsaya gaban faifan daddawar uwata. Bai taya ba. Ya dube ta, ya dubi gefen bakina, ya yi murmushi ya wuce. Uwata ta kwashe kayanta tun rana ba ta karkata ba. A zauren Baba Nomau aka yi maganar, ina tsugune a waje ina ji. Gudu ba ya yiwuwa, kowace hanya da masu igiyar kamun bayi a kanta. Ita uwata ta san tata ta ƙare, doka ma ta ba masu rinji ita. Ni ce abin ji, domin in na koma rinji ba zan kwana uku ba za a ɗora ni a raƙumi. Gwaggo Ige ce ta kawo dabarar. Zanen Gobir daga gefen baki yake tashi, daidai inda tsagata uku take. In aka ja su suka yi tsawo, aka ƙara musu 'yan'uwa, sai su nitse a ciki. Kuma al'adarsu ce, in zanen jariri ya dushe da girma, a sake bin sa da aska kafin yarinya ta isa aure. Akwai 'yan mata biyu a unguwar da ake shirin sake wa, sai a haɗa mu rana ɗaya. Aka kira wanzami, ya ƙi. Ya ce askarsa ba ta ƙarya, ba ya sa wa yaro zanen gidan da ba na ubansa ba, sai in namiji ya tsaya ya ce nasa ne, ya kuma riƙe kan da hannunsa.  Can Baba Nomau ya tofar da goro ya ce, "Ɗiyata ta. Sunanta Kulu." Abin da ya faɗa ke nan duk yinin.

Bayan aska fuskata ta kumbura har idanuna suka rufe, bakina ba ya buɗuwa sai a ɗura mini kunu da ludayi ta gefe. Ƙuda ya dame ni, zazzaɓi ya kama ni, Gwaggo Ige tana gasa mini da ruwan bagaruwa tana zagina in na kauda kai. Aka mai da tabarmata ɗakinta. Aka hana ni zuwa bukkar uwata, aka hana ni kiranta Inna, in mun haɗu a rijiya in gaishe ta kamar kowace maƙwabciya in wuce. Gwaggo Ige ta sa ni gaba da koyon bakinsu, in na ce "muka tafi" ta ranƙwashe ni sai na ce "munka tahi". Ta kan laɓe ta ƙwala kiran "Laraba!" in na waiwaya ta tsinka mini tsumagiya a ƙafa. Abin da ta fi nanata mini kuwa, safe da yamma, shi ne: "Ko yanka Dangana sunka yi gabanki, kak ki yi kuka. Kin yi kuka, kin tahi." Na riƙe wannan magana da ƙarfi, don ni yarinya ce mai riƙe magana. Duk garin an san abin da aka yi, daga gidan malamai har mahauta, ba wanda ya ce uffan. Ba don sonmu ba ne, kowa dai yana da abin da ba ya so a tona.

Mikin ya yi ɓawo bai gama kamewa ba suka zo. Da walaha ne, mata suna masussuka. Barka ne a gaba a kan doki, da mutum huɗu a ƙasa, masu sanduna da takobi ɗaya. Uwata tana sheƙa suka same ta, ɗaya ya shaƙo ta da zanenta ta baya ya fyaɗa da ƙasa, gero ya watse. Suka ja ta a ƙasa har ƙofar mai gari, gwiwoyinta suna barin jini a kan tsakuwa. Mai gari ya fito, ya ji bayani, ya dubi ƙasa ya ce babbar dai tasu ce, ba shi da ta cewa. Barka ya ce saura ƙaramar. Uwata ta ce ta mutu a hanya tun shekarar yunwa. Ya ce mai igiya ya gan ta da idonsa. Mai gari ya ce to ga gari nan, ya duba, amma ya sani in ya ɗauki ɗiyar wani bisa kuskure, maganar ba a nan za ta tsaya ba, sai gaban alƙali da Nasara, kuma kowa ya san abin da Nasara ke yi wa mai satar 'ya'ya. Sai aka tattaro duk 'yan matan da suka kai tsawona aka jera mu a rana, gari kuma ya kewaye mu.

Barka ya sauko yana bin mu ɗaya bayan ɗaya. Ya wuce Fulani bai tsaya ba, ya wuce 'ya'yan malamai da na Katsinawa. Da ya iso kanmu mu uku masu ɗanyen zane, fuskoki a kumbure baƙi ƙirin, sai ya yi dariya, don ba yaro ba ne, ya gane abin da aka yi. Sai dai bai san wacce ba. Rabonsa da ni ina ƙashi da fata da tulun ciki, kuma bai taɓa kallon yaran rinji ba sai ta bayan bulala. Ya kama haɓar kowaccenmu ya murza gefen bakin da yatsa. Ya koma baya ya daka tsawa, "Laraba!" Ban ko ƙifta ba. Ya tambayi uban kowacce, iyaye suka fito, Baba Nomau ya tsaya a bayana da guntun magirbinsa na haƙa a hannu. Barka ya ce, "Bagobiri, yaushe matarka ta haihu ba a ji guɗa ba?" Gwaggo Ige ta ce, "Da anka haife ka wa ya yi ma guɗa? Ko jaki in ya haihu mai shi ka murna." Mutane suka yi dariya, wadda ba ta daɗe ba.

Ya sa aka ɗaure uwata a jikin tsamiyar ƙofar fada, hannuwa a rungume da itacen, aka yaye mata zane zuwa ƙugu. Ya ciro dorinar daga wuyansa. Ya ce ai ɗan akuya ba ya ganin ana yanka uwarsa ya yi shiru. Wani tsohon malami ya ce masa ya ji tsoron Allah, Barka ya ce malam ya koma kan buzunsa. Bulala ta farko ta tsaga bayan daga kafaɗa zuwa kwiɓi, naman ya buɗe fari kafin ya yi ja. Uwata ta ciji ɓawon tsamiya. Ya ƙara, ya ƙara, yana duka yana waiwayenmu. Jini ya fantsamo har ƙafafun na gaba. 'Yan matan da ke jere da ni suka ɓarke da kuka gaba ɗaya, ɗiyar mai gari ta yi fitsari a tsaye, biyun nan masu zane irin nawa suna birgima a ƙasa suna kiran iyayensu. Duk sun san uwata, ta sha ba su ƙanzo. Ni kaɗai na tsaya ƙiƙam, hannuwa a gefe, ido a bushe, ina yin abin da aka ce in yi. Ba wanda ya yi tunanin wannan, ko Gwaggo Ige da wayonta. Mun shirya wa kukan mutum ɗaya, ba mu shirya wa kukan gari ba. Barka ya sauke hannu. Ya bar masu kuka, ya zuba mini ido, ya fara takowa.

Gwaggo Ige ta riga shi isowa. Ban ga tahowarta ba, sai ji na yi an ɗauke ni da mari da bayan hannu a kuncin nan mai bakwai. Ɓawon ya farfashe gaba ɗaya, jini da ruwan miki suka wanke mini wuya. Tana ihu tana cewa, "Ɗiyar banza mai zuciyar dutse! Ana kashe maƙwabciyarki kina tsaye kamar turmi? Halin ubanki kinka ɗauko, shi ma ko uwatai ta mutu ba shi hawaye!" Ta ƙara mini a ɗaya kuncin. Sai kukan ya zo, wanda na danne da wanda ban san ina da shi ba, ta fizgo kaina ta cusa cikin zanenta, ta toshe mini baki da shi, don kada a ji wadda nake kira. Duk da haka Barka ya damƙi hannuna ya ja. Sai Baba Nomau ya sauke masa ƙotar magirbi a tsintsiyar hannu, na ji ƙashin ya yi ƙara. Mai takobin ya kawo sara, ya zabtare wa Baba Nomau kunne da naman kafaɗa, ya durƙusa jini yana tsartuwa. Nan fa gari ya motsa. Gobirawa suka yo kansu da tabare, mahauta suka zare wuƙaƙe, samarin Fulani suka ɗaga sanduna, maharba biyu suka ɗana kibau daga kan katanga. Aka rotse wa ɗaya daga cikin mutanen Barka kai, ya faɗi yana shure-shure. Mai gari yana ta ɗaga hannu ba mai jin sa.

Ki rubuta wannan da kyau, kada ki gyara shi. Ba don ni suka fito ba, ba kuma don uwata ba. An sari ɗa mai zanen gado a ƙofar gari, shi ya tashe su. Uwata da aka mai da bayanta kamar kilishi a gabansu, ba wanda ya ɗaga ko tsinke.

Ita ce ma ta kashe wutar. Daga jikin tsamiyar ta ɗaga murya, muryar da ban san tana da ita ba, ta ce, "Barka, tawa ta mutu, na bar ta a bakin rafi, kuraye sun cinye. Ka sa an sari ɗan mutane a kan ɗiyar mutane. Kwance ni mu tafi tun ba a kai ka Katsina a ɗaure ba." Ya dubi kibau, ya dubi hannunsa da ke lilo, ya dubi nasu da ke kwance. Ya ce a kwance ta. Suka ɗora mai rotsen a kan doki, suka sa wa uwata igiya a ƙugu. Ta gyara ɗaurin zanenta da kanta. Za su wuce ta gabanmu ta tsaya ta ce da Gwaggo Ige, "Maƙwabciya, akwai daddawata a tukunya, gobe za ta nuna, kada ta lalace." Ta ce da Baba Nomau sannu. Ni ba ta dube ni ba, ko da wutsiyar ido. Na leƙa ta ƙarƙashin hannun Gwaggo Ige ina kallon bayanta, ƙudaje sun riga sun taru a kai, har suka sha kwanar dutse suka kama hanyar Kurfi.

Ban sake ganinta ba. Kurfi ba nisa, mai ƙafa yana zuwa ya dawo, amma Bagobira ɗiyar Nomau ba ta da abin yi a rinji, kuma tsawon shekaru masu igiya suna zuwa kasuwa suna duban gefen bakina. Mata masu kai kuka da kuɓewa can su kan kawo labari a kaikaice, su ce wa Gwaggo Ige maƙwabciyarta tana gaishe ta, tana tambayar ko awaki suna ƙiba. Wata shekara suka daina kawo gaisuwar. Baba Nomau bai ƙara shiga rijiya ba, hannun ya shanye, ni na yi ta noma masa 'yar gonarsa har ya rasu. Shi ya aurar da ni, ga Bagobiri, aka yi mini duk abin da ake yi wa ɗiyar Gobir. 'Ya'yana biyu na fari an yi musu shida da bakwai, ni na riƙe ƙafafunsu. Kuncin da aka mara ya warke a cuɗe, har yau zanen wajen ba ya ƙirguwa.

Yanzu gari ya haye dutse ya wuce inda muke kiwo. Tun da aka kawo makarantar horon malaman nan, baƙi sun fi na da yawa, Yarabawa da Ibo da Nufawa da mutanen Jos da waɗanda ban san sunan ƙasarsu ba, malamai da ma'aikata da 'yan makaranta, babura suna ta kai da kawowa. Na kan zauna a ƙofar gida in dube su, fuskoki duk sumul kamar ƙwai, ban iya karanta ko ɗaya, sai mutum ya buɗe baki. Ban ce a dawo da aska ba, na san zafinta fiye da kowa. Akwai wani yaro Bayarabe da ke haya a shagon zaurenmu, mai ladabi ne, yana ɗebo mini ruwa. Ya ji cewa Gobirawa da Yarabawa abokan wasa ne, kullum da safe sai ya leƙo ya ce, "Hajiya Bagobira, baiwata, an tashi lafiya?" In ce masa, "Tafi can, ɗan bawan gidanmu, wa ya kwance ka?" Ya yi dariya, ni ma in yi, jikokina su taya ni, don su a saninsu Gobirawa ne gaba da baya. In an ba da hutu sai motoci su cika tasha, yaran nan su ɗaure kayansu, kowa ya nufi garin uwarsa, har na duwatsun kudu, ina jin 'yan kamasho suna kiran sunayen garuruwan. Na kan kasa kunne ko wani suna zai yi mini kama da wani abu. Tashar tana bayan gidana, amma ban san motar da zan shiga ba.